Ku Karanta Kafin Ku Sa Hannu: Jawabi ga Ƙannenmu Masu Shirin Shiga Jami'a

Wannan shi ne jawabin da shugabannin ƙungiyarmu suka gabatar wa ɗaliban zango na ajin ƙarshe a babbar sakandare, a taron nasiha da aka shirya musu a Akra. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Mu da muke tsaye a gabanku yayyenku ne kawai. Wasunmu suna Legon, wasu suna jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi, wasu Cape Coast, wasu Tamale. Ratar da ke tsakaninmu da ku ba ta wuce shekara biyu ko uku ba. Sai dai masu iya magana sun ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, don haka muka nemi iznin manya mu faɗa muku abin da idonmu ya gani a inda za ku.

Nasiharmu duk tana komawa ga abu ɗaya, wato takarda. Daga ranar da kuka ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe, al'amuranku za su rataya a kan takardu: takardar sakamako, fom ɗin neman gurbi, takardar ba da gurbi, yarjejeniyar ɗakin kwana, yarjejeniyar bashi, kundin ƙa'idojin jami'a, har da katin jam'iyyar da wani zai miƙo muku yana murmushi. A sakandare akwai shugaban makaranta da malamin aji da ke karanta muku irin waɗannan, su gaya muku inda za ku sa hannu. A jami'a wannan aiki ya dawo kanku, kuma duk abin da hannunka ya sa, kai zai bi.

Mu mutanen zango mun fi kowa sanin nauyin takarda. Ku tambayi kakanninku abin da ya faru bayan ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Dokta Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar iznin zama wa'adin mako biyu, ya samo ta ko ya bar ƙasa. Dubban mutane suka sayar da gida da rumfa a farashin wulaƙanci suka hau mota, cikinsu har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, ba su san wata ƙasa ba sai Gana. Alhali kuwa ba jahilai ba ne. Zango gidan rubutu ne tun kafin Bature ya kafa makarantarsa a yawancin garuruwan nan. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, ya rasu a can a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda masana ke nazari har gobe. Wasu daga cikinsu suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, cikin tarin littattafan hannu da aka tattara a shekarun 1960. Abin da ya cuci kakanninmu shi ne takardar hukuma ta zo da wani harshe da wani rubutu, kuma masu karanta ta a cikinmu 'yan ƙalilan ne. Ku aka tura ku cike wannan giɓi. Saboda haka bari mu bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce takardar sunanku. Yau ɗin nan, idan kun koma gida, ku fito da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar rijistar jarrabawa, ku jera su a kan tabarma ku gwada. Wannan ciwo ne da ya fi kama 'ya'yan zango. Sunan Muhammadu kaɗai ana rubuta shi ta hanya huɗu ko biyar da haruffan boko. A wata takarda an sa sunan uba a gaba, a wata an sa na kaka, a wata an sa laƙabin da ake kiran yaro da shi a gida. Ranar haihuwa ma takan bambanta, domin wanda ya kai yaro firamare ya faɗi abin da ya tuna. Kwamfutar jami'a da ta asusun bashin ɗalibai ba su san uzuri ba. Harafi ɗaya ya saɓa, sai a riƙe maka rijista, ka wuni kana zarya tsakanin ofisoshi abokanka suna aji. Gyaran yana da hanya: takardar rantsuwa, wani lokaci har da bugawa a gazet ta gwamnati, kuma yana cin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu ita ce takardar sakamako da fom ɗin neman gurbi. Kun san yadda ake lissafi: ana ɗaukar darussa shida, uku daga na dole, uku daga na zaɓi, kowanne kada ya gaza C6, a haɗa lambobinsu, kuma ƙaramar jimilla ita ce mai daraja, shida ita ce ƙololuwa. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne cika mafi ƙarancin sharaɗi daban, samun gurbi daban. Kowane kwas yana da iyakar makin da aka tsaya a kai bara, jami'o'i kuma suna buga wannan jeri. Ku neme shi ku karanta kafin ku sayi fom. Duk shekara muna ganin yaro mai kyakkyawan sakamako ya cika zaɓinsa na farko da na biyu da na uku da likitanci da haɗa magunguna da shari'a, domin abin da ake yabo ke nan a unguwa, ya tashi babu ko ɗaya, ya zauna gida shekara guda. Ku sa burinku a zaɓin farko, ku sa hankalinku a na biyu da na uku.

Kada kuma ku ɗauka Legon da Kumasi su kaɗai ne ƙofa. Tun 2016 aka fara mayar da kwalejojin fasaha jami'o'in fasaha. Kwalejojin horar da malamai suna ba da digiri na shekara huɗu tun 2018. Ga makarantun koyon aikin jinya da unguwarzoma, ga jami'ar nazarin ci gaba ta Tamale wadda take tura ɗalibanta su zauna a ƙauyuka su yi aiki da jama'a a matsayin wani ɓangare na karatu. Wanda darasi ɗaya ya kayar da shi, ya sake zama jarrabawar masu zaman kansu ba tare da jin kunya ba, sannu ba ta hana zuwa. Amma duk wanda ya zo muku da cewa yana da mutum a ciki, ku tura masa kuɗi ta momo ya samo muku gurbi ko ya gyara muku sakamako, ku sani ɓarawo ne. In ma ya cika alkawari ya fi muni, domin jami'a tana tantance sakamako da hukumar jarrabawa, kuma takan kori ɗalibi ko da ya kai aji uku idan ta gano jabu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ta uku ita ce takardar kuɗi, a nan kuma muna roƙon iyayenmu su saurara tare da ku. Ku 'ya'yan karatun sakandare kyauta ne, shirin da aka fara a Satumba 2017. Kun saba da cewa gwamnati ce ke biyan kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana. Wannan inuwa ta ƙare a bakin ƙofar jami'a. Gaskiya ne a 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko a manyan makarantun gwamnati kuɗin karatu. Amma ku karanta sharuɗɗansa da kyau: na shekarar farko ne, kuɗin karatu ya shafa, kuma sai ka nema ta hanyar da aka tsara. Ɗakin kwana da abinci da kuɗin mota da littattafai da datar waya suna wuyanku, kuma sau da yawa ɗaki shi ne ya fi komai tsada, domin gadajen da ke cikin jami'a ba su kai yawan ɗalibai ba. Ranar da aka buɗe rijistar ɗakuna ku kasance a shirye tun da sassafe. Idan kuma sai kun kama haya a waje, kada ku biya ko sisi sai kun ga ɗakin da idonku, kun ga mai shi, kun karɓi rasit.

Akwai asusun ba ɗalibai bashi, kuma tun 2022 ba a neman mai tsaya maka, katin ɗan ƙasa ya wadatar. Sauƙi ne babba ga ɗan talaka wanda a da sai ya yi ta bin ma'aikatan gwamnati yana roƙon sa hannu. Sai dai sunansa bashi, yana da kuɗin ruwa, kuma yana jiran mutum bayan ya gama. Kafin ku cika fom ɗinsa ku zauna da iyayenku ku karanta musu sharuɗɗan da Hausa, ku je wa malamin da kuka amince da iliminsa da tambayar hukuncinsa, sannan ku yanke shawara ido buɗe. Kafin bashi ma, ku ƙwanƙwasa ƙofofin tallafi: ofishin taimakon ɗalibai na jami'arku, hukumar ba da tallafin karatu ta ƙasa, majalisar gundumarku, ofishin ɗan majalisar mazaɓarku. Yawancinsu ba sa cigiya, wanda ya rubuta ya kai a kan lokaci shi ake dubawa.

Abin da ya shigo hannunku kuwa, ku san daga inda ya fito. Sidi ɗari da uwa ta turo maka, ka lissafa kofin koko nawa ta sayar kafin ta tara shi, tun ƙarfe nawa ta tashi ta hura wuta. Wanda ya yi wannan lissafi ba zai zuba shi a cacar ƙwallo ta waya ba. Muna faɗin wannan da babbar murya domin cacar nan ta cinye kuɗin makarantar ɗalibai masu yawa, har wasu suka kasa zama jarrabawa, iyayensu na gida suna tsammani an biya. Haka nan masu kasuwancin kawo mutum biyu su ma su kawo biyu-biyu, waɗanda ke farautar sababbin ɗalibai da hotunan motoci. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Garin rogo da sukari da gyaɗa da kwalbar shito sun raka dubban ɗalibai har ranar karɓar digiri, ba su rage wa kowa daraja ba.

Ta huɗu ita ce kundin ƙa'idojin jami'a, littafin da ake ba kowa, kusan babu mai buɗewa. A ciki aka rubuta yadda ake rijistar darussa da ranar rufewa, yawan fashin da zai hana ka zama jarrabawa, abin da za ka yi idan rashin lafiya ko rasuwa ta hana ka zuwa, yadda ake neman a sake duba maka takarda, da laifuffukan da ake kora a kansu. Ɗalibin da ya san wannan littafi ba a yi masa barazanar banza, kuma ba ya faɗa wa rami da rana tsaka.

A cikinsa ne za ku ga yadda ake auna digiri. A Legon daraja ta ɗaya tana farawa daga maki 3.60 cikin 4.00, a Kumasi kuwa daga kashi 70 cikin ɗari. A duka biyun, abin da ka samu a shekarar farko yana shiga lissafin ƙarshe. Za ku ji wasu suna cewa shekarar farko ta shan iska ce, a bari sai an saba. Ku dube su da kyau, yawanci su ne masu bin malamai a aji huɗu suna neman yadda za su ɗaga makin da ya riga ya nutse. Lissafin tarawa ba ya mantuwa: zangon karatu ɗaya da aka yi wasa da shi yakan ci zango uku ana biyan bashinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne shiru. Babu ƙararrawar tashi, babu mai kiran suna a ɗakin kwana, babu babban ɗalibi mai kora ku zuwa karatun dare. Za ka zauna a zauren lacca tare da ɗaruruwan mutane, malami bai san sunanka ba, in ka yi mako biyu ba ka zo ba babu mai tambaya. Wannan 'yanci shi ne jarrabawar farko. A nan kuwa kuna da gado wanda da yawa ba su da shi. Yaron da ya tashi yana zuwa makarantar allo da asuba kafin ya tafi boko, ya dawo da yamma ya sake ɗaukar allo, ya riga ya san horon kai da maimaita karatu har ya zauna. Ku ɗauki wannan tarbiyya ku shiga da ita ɗakin karatu na Balme ko na Prempeh na Biyu. Ku tsara mako a rubuce, ku gina shi a kan lokutan salla tunda su ba sa motsi, ku ba kowane darasi sa'o'insa tun makon farko.

Sai dai hadda kaɗai ba ta isa a can. Za a ce ka karanta marubuta uku da suka saɓa wa juna, ka faɗi naka ra'ayi da hujja. Shi ya sa ake tilasta wa kowa darasin rubutun ilimi da na sarrafa harshe a shekarar farko. Kada ku raina su. Da yawa daga cikinmu Turanci shi ne harshe na uku ko na huɗu, bayan Hausa da Twi ko Ga da harshen kakanni, kuma kunyar kada a yi mana dariya takan sa mu yi gum a aji. Ku ɗaga hannu ku yi tambaya ko da muryarku na rawa, matambayi ba ya ɓata. Ku je ofishin malami a lokacin da ya ware domin ɗalibai. Ku kuma kiyayi kwafe aikin wani, ko na mutum ne ko na manhajar da ke rubuta wa mutane amsa. Ban da hukuncin da ke kai, wanda ya ba na'ura ta yi masa tunani shekara huɗu zai fito da takarda a hannu, kansa kuwa yadda ya shiga da shi. Idan malamai suka tafi yajin aiki, kamar yadda aka yi makonni ana yi a nan a farkon 2022, shekarar da 'yan'uwanmu na Nijeriya suka yi wata takwas a gida, kada ku ɗauke shi hutu. Ranar da aka dawo a guje ake karatu, jarrabawa kuma ba ta jira.

Ta biyar ita ce katin jam'iyya, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin ita ce ta fi shafar mu a matsayin al'umma. Tun makon farko za ku ga rumfunan TESCON, reshen ɗalibai na jam'iyyar NPP, da na TEIN, reshen NDC, ga kuma masu neman kujerun majalisar wakilan ɗalibai. Ƙungiyarmu ba ta gaya wa kowa inda zai sa ƙuri'arsa, a cikinmu akwai na kowane ɓangare, kuma muna cin tuwo a kwano ɗaya. Siyasa haƙƙinku ce. Tsarin mulki na 1992 ya ba ku ƙuri'a a shekara 18, ya ba ku damar tsayawa takarar majalisar dokoki a shekara 21. Wannan ƙasa ta ga Musulmi biyu a kujerar mataimakin shugaban ƙasa a jamhuriya ta huɗu, Alhaji Aliu Mahama da Dokta Mahamudu Bawumia. Babu wanda zai ce muku fagen ba naku ba ne.

Abin da muke so ku lura da shi shi ne irin aikin da ake ba ɗan zango idan ya shiga. Da zarar an ji ka ce daga Nima kake, ko Mamobi, ko Aboabo, ko Sabon Zango, sai ka ga an yi murna, a ce an sami mai tsaron taro, an sami mai kawo samari a mota ranar gangami. Wasu ana ba su aikin rubuta manufofi da zama a teburin shawara, ɗan zango kuwa ana ba shi riga da tuta da ƙofar da zai tsare. Wannan kallo ya daɗe, kuma ba zai canza ba sai mun ƙi karɓar rabon da ake ba mu. In za ku shiga, ku shiga ta ƙofar alƙalami. Ku nemi kwamitin bincike, ku nemi kujerar sakatare ko ma'aji, ku zama masu tashi a muhawara da alƙaluma a hannu.

Ku kuma san abin da doka ta ce. A ranar 31 ga Janairu 2019, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso West Wuogon, wadda jami'ar Legon ke cikinta, an yi harbi an raunata mutane. Bayan binciken kwamitin Emile Short, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a wannan shekarar, hukuncinta kuwa ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ranar da aka kama yaro, wanda ya ba shi riga ba ya zuwa ofishin 'yan sanda, uwarsa ce ke zuwa da mayafinta tana kuka. Haka rikicin gidajen kwanan ɗalibai. A Agusta 2022 an gwabza tsakanin gidan Commonwealth da na Mensah Sarbah a Legon, aka ƙona dukiya, a Kumasi ma aka yi tsakanin Katanga da Conti, kuma hukuncin da ya biyo baya ya shafi har waɗanda ba su jefa dutse ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka karɓi abin da aka miƙo maka, ka tambayi kanka wane aski ake so ka yi.

Siyasar da zango yake jira daga gare ku ta fi wannan wuya. A 2017 aka yi dokar kafa asusun raya zanguna. Mutum nawa ne a unguwarku suka taɓa karanta dokar, ko suka san nawa aka ware wa asusun a kasafin bana, nawa aka saki, ina aka kashe? Tsarin mulki ya wajabta a ware abin da bai gaza kashi biyar cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa ga majalisun gundumomi. Wa ke bin sawun rabon gundumarku? Tun 2019 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi takardu a ba shi. Ɗalibi ɗaya mai karatun lissafin kuɗi, da ɗaya mai karatun shari'a, da ɗaya mai karatun injiniya, idan suka zauna a kan takardun kwangilar babban kwatamin Nima, suka fassara wa jama'a da Hausa a masallaci da gidan rediyo, sun fi mota goma ta masu ihu amfani. Ɗan siyasa yana raba wa masu ihu kuɗin shayi ya wuce. Wanda ya zo masa da lambar shafi da kwanan wata kuwa, dole ya ja kujera ya zauna.

Yanzu ga ƙannenmu mata. Za ku shiga jami'o'in da mata suka riga suka shugabanta: Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta shugabanci Cape Coast kafin ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 2025, Farfesa Rita Akosua Dickson ta hau shugabancin ta Kumasi a 2020, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo ta hau na Legon a 2021. Babu kwas ɗin da ya fi ƙarfinku, asibitocinmu kuma suna kukan rashin likitoci mata da iyayenmu za su saki jiki da su. Amma ku san cewa akwai masu amfani da maki su nemi abin da bai halatta ba, kamar yadda binciken BBC na 2019 ya fito da maganar fili. Jami'a tana da ƙa'ida a rubuce kan wannan da kwamitin da ake kai wa ƙara. Ku san inda yake tun kafin buƙata ta taso. Kada ku share saƙon da aka turo muku, shi ne shaidarku, kada kuma ku haɗiye abin ku kaɗai. Ku gaya wa yayyenku mata na wannan ƙungiya. Iyayenmu kuma muna roƙonku da girman Allah, idan 'yarku ta kawo kuka, kada maganin ya zama cire ta daga makaranta. In an yi haka an hukunta wadda aka zalunta. In kuma aure ya zo a tsakiyar karatu, a sa ci gaban karatun cikin sharuɗɗan da za a yi magana a kansu a gaban waliyyai da shaidu.

Game da addini da zaman tare, maganarmu gajeriya ce. Ku nemi masallacin jami'a da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana tun ranar farko, a can za ku sami wanda zai nuna muku hanya, da wanda za ku yi buɗa-baki tare idan azumi ya haɗu da jarrabawa. Amma kada ku killace kanku. Mai yiwuwa abokin ɗakinka Kirista ne daga Ho ko Takoradi, bai taɓa shiga zango ba, abin da ya sani game da mu shi ne abin da ya ji a rediyo. Daga gare ka zai karanci zango. Babban limamin ƙasa, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana da shekara ɗari ya taka har cocin Katolika na Christ the King a Akra a 2019 domin ƙarfafa zumunci, bai rage komai daga addininsa ba. Idan kuma kun dawo hutu, ku zauna a dandalin shan ataya tare da abokanku da ba su sami wucewa ba, kada ku ɗaga musu hanci. Ku ɗauki yara biyu ko uku na gidanku ku riƙa duba musu lissafi da Turanci, ku duba musu takardun sunansu tun yanzu.

A ƙarshe, ga abin da ƙungiya ta ɗauka wa kanta. Daga mako mai zuwa har a rufe karɓar fom, wakilanmu za su zauna kowace Asabar bayan la'asar domin duba takardunku da taya ku cika fom, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Duk wanda ya sami gurbi za mu haɗa shi da yaya ɗaya a jami'arsa, wanda zai tarbe shi ranar da ya sauka. Ku zo da takardunku duka, na asali da kwafi, ku zo da iyayenku in da hali, domin su ma su ji abin da aka rubuta.

Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya buɗa muku ƙofofin alheri, Ya tsare ku daga mugun aboki da mugun ji da mugun gani. Allah Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da mafificin sakamako, Ya ba su tsawon rai su ci moriyar wahalarsu. Allah Ya zaunar da Gana lafiya, Ya zaunar da ƙasashen kakanninmu lafiya.